Kafin a sayo kayan ofis, an tambayi Malam Ilu?

Garba Sito: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun. An amince a yi wa ofishinmu kwaskwarima da zarar damina ta ɗauke: a sauya tebura da kujeru, a sayo kwamfuta biyu da firinta, a gyara banɗaki. Da yake ni ke riƙe da sito, an sa ni cikin kwamitin da zai rubuta abin da za a saya. Jiya na jera kaya har shafi biyu, ina ganin na gama. Na fito zan kulle sito ke nan sai ga Malam Ilu, abokin aikinmu da shan inna ta taɓa, ya tashi daga aiki. Ya sauko daga kujera, ya zura silifa a hannuwansa biyu, ya rarrafo ya sauka matakala ukun nan na baranda, ya ja jiki cikin caɓin ruwan da aka yi da azahar har gindin darbejiya inda yake ajiye kekensa. Shekara 11 muna aiki tare, kullum haka yake shiga, haka yake fita. Na duba takardar hannuna, har labule na rubuta, amma babu layi ɗaya da ya shafe shi. Wallahi daren jiya ban yi barcin kirki ba. Ranar Laraba za mu miƙa takardar. Me ya kamata in ƙara?

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri Malam Garba. A fara da gangara a bakin ƙofa, wadda keke zai hau.

Alhaji Sabo: Garba, niyyarka kyakkyawa ce, amma bari in faɗi gaskiyata. Na yi shekara 32 ina aikin gwamnati, na san yadda kuɗin gyara ke zuwa. Ba ya isa. A firamaren ƙauyenmu yara a ƙasa suke zaune, rufin aji biyu iska ta yaye tun bara. Mutum ɗaya ne a ofishinku mai wannan lalura, kuma ba a taɓa barinsa a wulaƙance ba, kowa na taimaka masa. In ka cika buri a takarda, za su soke duka, har teburan ku rasa. Da babu gara ba daɗi.

Malama Rabi: Baba Alhaji, ranka ya daɗe, ba mutum ɗaya ba ne. A asibitinmu na karkara da aka yi gangara, waɗanda suka fi morarta tsofaffi ne da mata masu tsohon ciki da wanda aka kawo a kan gadon turawa. Ofishin su Malam Garba kuwa duk lokacin tantance 'yan fansho cika yake yi da dattawa masu dogara sanda. Na taɓa ganin an tallabo wani tsohon hedimasta kamar jariri don a hau da shi matakala uku. Kansa a sunkuye har aka ajiye shi.

Tanimu Birkila: In an ba ni dama in sa baki, tunda sana'ata ce. Gangarar da ake yi a yawancin gine-ginenmu ba gangara ba ce, tudu ne aka shafe da siminti. Ɗan kwangila zai ce “a ɗan yi wa guragu hanya”, sai yaro ya zuba kankare a gefen matakala tsawon ƙafa huɗu ya shafe sumul. Mai keke ba zai iya hawa shi kaɗai ba, in ma ya hau, wajen saukowa kifewa zai yi. Ƙa'idar ita ce duk inci 1 na tsayi a ba shi inci 12 na tsawo, wato ƙafa guda. Matakala uku, in kowace inci 6 ce, inci 18 ke nan, gangararku sai ta kai ƙafa 18. In filin gaban bai kai ba, a kwantar da ita ta bi jikin baranda. Faɗinta kada ya gaza ƙafa 3, in da hali 4. A sama a bar fili shimfiɗaɗɗe kamar ƙafa 5, don mutum ya tsaya ya buɗe ƙofa ba tare da keke ya koma da shi baya ba. A sa ƙarfen dafawa gefe biyu, a ɗan tayar da baki don kada taya ta zame. Kuma don Allah kada a sa tayil mai sheƙi. A bar simintin da kaushi, a ja shi da tsintsiya tun yana ɗanye.

Tanimu Birkila: Sai dokin ƙofa. Mu nan muna tayar da shi saboda ruwa da kunama, amma inci biyu ma ya isa ya tsayar da keke cak.

Garba Sito: Oga Tanimu na kwafe duka. Ƙafa 18! Ni ƙafa shida na ƙiyasta.

Kabiru Lauya: Kawu Sabo, da girmamawa, wannan magana ta wuce ta taimako, doka ce. Akwai dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu nakasa. Wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda nakasarsa, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kamfani kuwa naira miliyan 1. Jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a wanda bai cika ƙa'ida ba shi ma akwai hukuncinsa. Dokar ce ta kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020. Kuma Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu tun 2010.

Alhaji Sabo: Ɗana, wannan dokar Abuja ce. Mu a ƙauye muke.

Kabiru Lauya: Jigawa tana da tata dokar ta jiha, Kawu, Kano ma haka. Na yarda aiki da su ne ke tafiyar hawainiya. Amma ga Malam Garba amfaninsu a fili yake: in ya rubuta gangara aka ce almubazzaranci ne, yana da abin da zai nuna.

Alhaji Sabo: Jihar nan tamu ta Jigawa ba ta yi watsi da su ba. Tun 2007 zamanin Sule Lamido aka fara ba nakasassu naira 7,000 duk wata. A lokacin kuɗi ne masu auki.

Malam Hashimu: Alhaji Allah ya ƙara girma. Wannan tallafi ya share hawayen mutane da yawa, ba mai musu. Amma an yi shi ne don wanda ba shi da abin yi. Mu da muka yi karatu muka samu aiki, buƙatarmu daban ce: a bar mu mu yi aikin da ake biyanmu dominsa. Ni makaho ne, shekarata 9 ina koyarwa. Bari in yi magana kan kwamfutar da za ku saya, don naga duk hankali ya tafi kan siminti.

Malam Hashimu: Wannan rubutun da kuke karantawa da kaina nake yi. A wayar Android akwai TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver, suna karanta wa mutum abin da ke fuskar waya. A kwamfuta mai Windows akwai manhajar NVDA, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka ƙirƙiro ta. Akwai JAWS amma ita da tsada. Don haka ba sai kun sayi wata kwamfuta ta musamman ba. Abin da za ku rubuta shi ne: ta zo da Windows, sautinta na aiki, a haɗa da abin sawa a kunne. Na taɓa zuwa wani ofis aka zaunar da ni gaban sabuwar kwamfuta, ashe tun daga shago ba a sa mata abin da zai fitar da sauti ba, ba wanda ya lura tunda duk masu ido ne. Firinta kuma ku nemi mai maɓallan da hannu ke ji. Waɗannan na yayi masu gilashin shafawa, a wurina da su da bango duk ɗaya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kuwa ko kwabo ba ya ci. Takardar sanarwa ta fito daga ofis, sai a ɗauke ta hoto a jefa a WhatsApp, wani lokaci a karkace, da inuwar hannun mai ɗauka. Hoto ba rubutu ba ne a wurin wayata. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin karanto shi, amma in hoton bai fita ba shirme suke kawowa. Sai in jira ɗana ya dawo daga islamiyya ya karanta mini. Har takardar da ta shafi albashina yaro ɗan shekara 12 ne ya fara sanin abin da ke ciki. Alhali a kwamfuta aka buga ta, kwafo rubutun kawai za a yi a turo.

Sani Mai Shago: To Malam ba sai a riƙa turo muku saƙon murya ba? Ya fi sauƙi ai.

Zainabu: A'a Yaya Sani don Allah. Ni kurma ce. Duk saƙon murya da kuke turowa a zauren nan ban san me ke ciki ba, shiru kawai nake yi. Rubutu shi ne ya haɗa ni da Malam Hashimu. Shi wayarsa ta karanta masa, ni in karanta da idona.

Sani Mai Shago: Subhanallahi. Ki yafe ni ƙanwata, ni ne na fi kowa tura murya.

Zainabu: Ba komai Yaya. Ni ina aikin shigar da bayanai a kwamfuta. Aikin ba ya ba ni wahala, taro ne ke ba ni. A zauna awa biyu, ina ganin ana dariya, ana ɗaga hannu, a tashi ban san me aka yanke ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. A rubuta abin da za a tattauna kafin taro, a rubuta abin da aka yanke bayansa. Mai magana ya fuskance ni, kada ya tsaya taga na bayansa, fuskarsa duhu take yi. A sa farin allo da alƙalaminsa cikin kayan da za ku saya. In babban taro ne a nemo tafinta mai maganar hannu, amma a tambayi kurman wace irin maganar hannu yake ganewa. Wanda ya yi makarantar kurame irin ta Tudun Maliki a Kano ya koyi ta makaranta, wadda ta samo asali daga ta Amurka. Dattawanmu na kasuwa kuma maganar hannu ta Hausa suke yi, ba ɗaya ba ce.

Malama Rabi: Na ƙara da na'urar dangwala yatsa da ake tantance ma'aikata. Akwai wani maigadi da ya yi ciwon kuturta ya warke, yatsunsa sun guntule. Ranar tantancewa sai da ya yini a layi, na'ura ta ƙi shi. In za a sayi irinta a tanadi wata hanyar tun farko. Zabiya kuma yawancinsu ganinsu da rauni, suna son manyan haruffa da teburin da ba ya cikin rana.

Malam Babba: Ina biye da ku. Abin da zan tunatar shi ne Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah ya ƙara masa yarda. Makaho ne, a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa shi ladanci tare da Bilal, kuma ya sha barin Madina a hannunsa in zai fita. Aiki aka ba shi da amana. Mu kuwa mun saba ganin mai lalura a bakin masallaci ranar Juma'a, har zuciyarmu ta ɗauka wurinsa ke nan. Ni kaina masallacinmu matakala biyar ne, wurin alwala kuma sai mai ƙafa. Zan kai maganar ga kwamiti.

Sani Mai Shago: Allah gafarta Malam, wai ma wace kalma ce daidai? A rediyo “masu buƙata ta musamman” suke cewa.

Malam Hashimu: Ni ka ce mini makaho ban ji komai ba, muna da Sarkin Makafi tun kaka da kakanni. Wani kuma ba ya so. Ka kira mutum da sunansa ka huta. Amma ina da tambaya ga Malam Garba. Tun safe ake ta shawara a kan Malam Ilu. Shi an tambaye shi?

Garba Sito: Ban tambaye shi ba, Malam. Nauyinsa nake ji. Yana cikin zauren nan ma.

Malam Ilu: Ina nan Garba, tun ɗazu nake karantawa. Na gode, Allah ya bar zumunci. Na yi jinkiri ne don maganar tana da nauyi a bakina, amma tunda an zo nan bari in faɗa.

Gangara tana da kyau, a yi ta. Sai dai ku sani kekena mai ƙafa uku ne, irin na murzawa da hannu. Dogo ne, ko ya hau baranda ba zai juya ya shiga ofis ba, ƙofar ma ƙafa biyu da rabi ce. An yi shi don hanya, da shi nake tafiyar kilomita huɗu daga gida. Abin da zai yi mini amfani shi ne in hau da shi baranda in ajiye a inuwa, a ciki kuma a samu ƙaramar kujera mai taya in koma kanta. In an yi gangara ba a faɗaɗa ƙofa ba, ba a sami ta ciki ba, rarrafen dai zan ci gaba da yi, sai dai caɓin ya ragu.

Amma da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, banɗaki zan zaɓa. Ku da ƙafa kuke shiga, ni da hannu. Ku tuna yadda ƙasan wurin yake da tsakar rana. Hannun da zan dafa wurin da shi zan dawo in riƙe fayil, da shi zan ci abinci. Don haka shekara 11 ba na shan ruwa daga na fito gida har in koma, ko a watan Afrilu. Shayin da kuke miƙo mini da safe ina cewa na ƙoshi, ba ƙoshi ba ne. Sau biyu ina kwanciya da ciwon mara, likita ya ce in yawaita shan ruwa, na ce to.

Shan inna ta same ni ina ɗan shekara uku. Alhamdu lillahi a 2020 an tabbatar ainihin ƙwayar cutar shan inna ta ƙare a Najeriya, amma mu da ta riga ta taɓa muna nan da yawa a Kano da Jigawa, kuma yanzu ne muke shekarun aiki.

Malama Rabi: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Ilu, riƙe fitsari da ƙin shan ruwa a zafin nan har ƙoda yana taɓawa. Don Allah.

Garba Sito: Ilu ka yafe mini. Ni ne mai miƙo maka shayin.

Malam Ilu: Ba laifinka, ban taɓa faɗa ba. Sauran ƙanana ne. Teburan da ake kawowa daga Kano masu aljihu a tsakiya, gwiwar mai kujerar taya ba ta shiga ƙarƙashinsu. Gara a ba kafintan garin nan ya auna ni ya yi. Fayilolin da nake aiki da su kullum suna saman kabad, sai na jira masinja. A sauko da su ƙasa. Makunnin fitila da na fanka ma sun yi sama, in na riga kowa zuwa a duhu nake zama.

Alhaji Sabo: Ilu, ni na sa hannu a takardarka ta kama aiki, ban san haka kake ciki ba. Na janye maganar mutum ɗaya. Amma ina nan kan bakata a wuri guda, kuma ku saurare ni. Kada a je a sayo masan zama irin na birni. Ofishin nan ba famfo, ruwa sai mai kura ya kawo. Na ga inda aka sa irinsa, cikin wata biyu ya toshe, aka garƙame da kwaɗo, makulli na aljihun shugaba. Ya fi na da muni.

Tanimu Birkila: Alhaji ya yi gaskiya. Ba sai na birni ba. A kan ramin da ake da shi ana gina mazauni da bulo, tsayin kujera, kamar inci 18, a shafe shi sumul yadda zai wanku, a yi masa murfi. A kafa ƙarfen dafawa a bango. Ƙofar ta zama ƙafa 3, ta buɗe waje, don in mutum ya faɗi a ciki a iya buɗewa. Cikin ya isa kujera ta juya. A karkata daɓen kaɗan ruwa ya riƙa tsanewa, a ajiye randa ko durom mai famfo daidai hannun wanda ke zaune. In tun wajen gini aka yi, ƙarin kuɗin kaɗan ne. Fasawa daga baya ita ce mai cin kuɗi.

Kabiru Lauya: Malam Garba, ga inda gizo ke saƙar. Ɗan kwangila abin da ke rubuce yake yi, shi ake biyansa. In ka rubuta “gangara ɗaya”, ya yi maka tudun ƙafa huɗu, ya cika alƙawari, ko masu bin diddigin kwangila daga Dutse suka zo ba su da abin kamawa. Ka rubuta awon: tsawo kaza, faɗi kaza, ƙarfe gefe biyu. Haka tebur, haka ƙofa, haka firinta. A Amurka ta wannan hanyar suka bi, tun 1998 dokarsu ta wajabta wa ma'aikatun tarayya cewa kayan kwamfuta da manhajar da za su saya sai masu nakasa na iya amfani da su, sai kamfanoni suka gyara don kada ciniki ya wuce su. Ka kuma nemi a sa sharaɗi cewa ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai Malam Ilu ya hau ya sauka shi kaɗai, ba mai turawa.

Malam Hashimu: Kuma a sa shi cikin kwamitin, ba a kira shi bayan an gama ba.

Malam Ilu: Aikin ƙarfen a duba 'yan uwanmu. A Kano ƙungiyar waɗanda shan inna ta taɓa suna da wurin walda, su ke ƙera irin kekunanmu. Nan kusa ma akwai yaron da ya koyo a can, ranar Lahadi yana fita kasuwar Gujungu. Wanda ke dafa ƙarfen ya fi sanin inda za a kafa shi.

Garba Sito: Na yi magana da shugaban kwamiti yanzu ta waya. Ya yarda Ilu ya zauna da mu, amma ya ce jimillar kuɗin ba za ta ƙaru ko sisi ba, sai dai mu rage wani abu. Na cire labule da kujerar shugaban sashe mai juyawa da kafet. Ban san ko zai isa har da kujera mai taya ba.

Alhaji Sabo: Ka bar maganar kujerar a hannuna, zan ga mutanen ƙungiyar 'yan fansho, mu ma za mu hau ta wata rana. Ruwan fa? Wa zai riƙa biyan mai kura? A rubuta shi yanzu, in ba haka ba durom ɗin bushewa zai yi.

Garba Sito: Na rubuta, Baba. Oga Tanimu yaushe za ka samu zuwa ka auna?

Tanimu Birkila: Litinin in sha Allahu, kafin in wuce wurin aiki. Malam Ilu ƙarfe nawa kake isowa? Da kekenka nake son mu auna kwanar barandar.

Malam Ilu: Bakwai da rabi ina gindin darbejiya.